Hedifon na gem da jin kiɗa: a daina sayen kwali

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shafin wasiƙu domin in yi magana da matasanmu masu buga gem na gasa, irin su PUBG Mobile da Call of Duty da Free Fire a waya, ko Counter-Strike da Valorant a kwamfuta, waɗanda da an tashi daga wasa sai su koma jin kiɗa da abin da ke kunnensu. Kuɗi masu yawa na zubewa wajen sayen hedifon, kuma sau da yawa kwali ake saye: hoton soja riƙe da bindiga, fitilu masu canza launi, da lambar 7.1 da aka rubuta ɓaro-ɓaro. Abin yana damuna, domin yaro kan yi wata da watanni yana tara kuɗi, ya ƙare da abin da zai rage masa ji a wasa, ya kuma ɓata masa kiɗa. Maganata ita ce, hedifon mai igiya, mai lasifika biyu, wanda sautinsa bai karkata gefe guda ba, ya isa ayyukan nan biyu, muddin an zaɓe shi daidai da ɗakin da za a zauna da na'urar da za a jona shi.

Sai an san yadda kunne ke gane inda sauti ya fito kafin a san abin da ake nema. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Idan abokin gaba ya taka ƙasa ta damarka, ƙarar kan riga isa kunnen dama, da tazarar da ba ta wuce kashi biyu cikin uku na milisakan ɗaya ba, shi kuwa milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. Ƙoƙon kai kuma yana tare wani ɓangare na sautin, sai ya isa kunnen hagu a raunane. Da waɗannan bambance-bambance biyu ƙwaƙwalwa ke raba hagu da dama. Gaba da baya da sama da ƙasa kuwa, lanƙwashe-lanƙwashen fatar kunne ne ke bayyana su, ta yadda suke sauya siraran sautuka, musamman daga Hz 5,000 zuwa sama (Hz ma'aunin kauri da sirantar sauti ne, yawan lambar na nufin sauti ya fi siranta). Gem na zamani yana lissafa duk wannan da kansa, ya turo sautin hagu daban, na dama daban. Aikin hedifon ya isar da saƙon ba tare da ya ɓata shi ba. Abu uku ke ɓata shi: jinkiri, rinjayen bes (wato sauti mai kauri), da gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙara.

Daga nan za a gane batun 7.1. Kusan duk hedifon da aka rubuta wa haka, lasifika biyu ce a cikinsa, ɗaya a kowane kunne. Sauran aikin manhaja ce ke yi, tana kwaikwayon ɗaki mai lasifika bakwai da ta bes. A kallon fim yana da daɗi. A gasa kuwa yakan ƙara amsa-kuwwa, ya sa takun da ke bayan bango ya yi kamar daga nesa yake. Abin da ya fi muni shi ne a haɗa biyu. Counter-Strike da Valorant suna da nasu tsarin sautin kewaye a ciki, PlayStation 5 ma tana da nata mai suna Tempest. Idan ka kunna na gem, ka kuma danna maɓallin 7.1 na hedifon, ko Windows Sonic, ko Dolby Atmos, an sarrafa sautin sau biyu ke nan, sai gaba da baya su cakuɗe. A kunna ɗaya kawai, kuma na cikin gem ya fi cancanta, domin shi ya san inda bango da bene suke. A waya kuma a leƙa saitin taimakon masu lalurar ji, a tabbatar ba a kunna haɗe sauti wuri ɗaya ba. Mutane da yawa na buga gem da wannan a kunne ba su sani ba, duk taku yana fito musu daga tsakiyar kai.

Jinkiri shi ne babban abin da ke kashe masu buga gem a waya, kuma Bluetooth ne ke kawo shi. Kafin sauti ya isa kunne ta Bluetooth, sai waya ta matse shi, ta yanka shi gunduwa-gunduwa, ta aika, iyafis ya tara kaɗan a ajiye saboda gudun yankewa, sannan ya warware. A tsarin da aka fi amfani da shi, wato SBC da AAC, wannan kan ci milisakan 150 zuwa 250, wani lokaci fiye. A gem mai hoto 60 a daƙiƙa, kowane hoto milisakan 16.7 ne, don haka jinkirin milisakan 200 daidai yake da hoto 12. Mutum mai lafiya kan ɗauki kusan milisakan 150 zuwa 200 kafin yatsansa ya amsa abin da ya ji. Ka ga an ninka maka lokacin ke nan, wanda ke da igiya ya riga ya juyo ya harba. A bidiyon YouTube ba a lura da wannan, saboda manhajar tana jinkirta hoton ya jira sautin. Gem ba zai iya jiran kowa ba.

Iyafis masu yanayin gem suna rage jinkirin, amma lambar da ake bugawa a kwali sau da yawa ta ɓangaren iyafis ɗin ce kaɗai, ba a haɗa da na waya ba. Akwai gwaji mai sauƙi. Ka buɗe filin atisaye na gem ɗin, ka kanga iyafis ɗaya kusa da wata waya, a ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya kana danna harbi. Tazarar da ke tsakanin walƙiyar bakin bindiga da ƙarar ita ce jinkirinka. Ka maimaita da mai igiya, ka kwatanta.

Wanda ya ƙi igiya, ya nemi hedifon mai ɗan dongul, wato 'yar na'urar da ake sokawa a ramin USB, da ke aiki a zangon 2.4 GHz. Wannan ba Bluetooth ba ne, jinkirinsa kan tsaya wajen milisakan 15 zuwa 40, kuma da wuya a ji shi. Sai dai a duba ko dongul ɗin yana aiki da na'urarka, domin wanda aka yi wa PlayStation ba lalle ya yi a Xbox ba. PlayStation 5 da Xbox ba sa karɓar hedifon na Bluetooth kai tsaye, amma fad ɗinsu, wato abin riƙewa a buga gem, yana da ramin iyafis na milimita 3.5. A tuna kuma batir yana mutuwa. Zafi na cin batirin litiyom, kuma a garuruwan da Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, shekara biyu zuwa uku ta isa ka ga caji ba ya daɗewa. Ƙananan iyafis marasa igiya kusan ba a canza musu batir. Mai igiya mai kyau yakan shekara goma, kushin kawai ake sabuntawa.

Sai batun buɗaɗɗe da rufaffe, wanda a ganina shi ya kamata a fara yanke wa hukunci kafin a tambayi sunan kamfani. Buɗaɗɗen hedifon bayansa raga ce, iska na shiga tana fita. Sautinsa yana da faɗi, kamar daga ɗaki yake fitowa ba daga cikin kai ba, bes ɗinsa ba ya taruwa, kunne kuma ba ya zufa sosai. Sennheiser HD 560S da Philips SHP9500 da Beyerdynamic DT 990 Pro duk irinsa ne, kuma a ɗaki mai shiru babu abin da ya kai su nuna inda taku yake. Amma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: duk abin da kake ji na kusa da kai yana ji, duk hayaniyar waje kuma tana shigo maka. A gidan gem mai janareto a bakin ƙofa, da fanka a sama, da mutum goma suna musun ƙwallo a bayanka, buɗaɗɗe asarar kuɗi ne. Za ka yi ta ƙara murya don ka rinjayi hayaniya, takun bai fito ba, kunne kuma yana cutuwa.

A irin wannan wuri rufaffe ake so, kamar AKG K371, ko Audio-Technica ATH-M40x, ko Beyerdynamic DT 770 Pro, ko HyperX Cloud II ga mai son makirufo a haɗe. Rufaffe yana tare siraran sautuka da muryoyi sosai, amma rugugin janareto yana ratsa shi. Mai kashe hayaniya da lantarki akasin haka yake: ya ƙware a kan ƙara mai kauri marar yankewa, irin ta inji da fanka, ya yi rauni a kan maganar mutane, kuma yawancinsu na Bluetooth ne.

Akwai hanya ta uku da ake rainawa, ita ce iyafis mai igiya mai shiga cikin ramin kunne. A manyan gasannin Counter-Strike da ake yi a gaban dubban 'yan kallo, sautin gem ta irin waɗannan ƙananan iyafis yake zuwa wa 'yan wasa. Babban hedifon da ake gani a kansu an ɗora shi ne a sama don ya tare ihun jama'a, ya kuma riƙe makirufo. Ga mai buga gem a waya a ƙasa mai zafi, wannan ya fi komai dacewa: ba nauyi, ba zufa, ba caji, kuma akwai masu araha da sautinsu ya daidaita, irin Moondrop Chu da 7Hz Salnotes Zero. Sirrinsa robar baki. Yakan zo da girma uku. Idan robar ta yi ƙanƙanta, iska na zurarewa, bes ya ɓace, sauti ya koma kamar na gwangwani, mutum ya ce kayan ba su da kyau alhali roba ce ba ta toshe ba. A gwada duka ukun a kowane kunne daban, domin ramukan kunnen mutum ɗaya ba lalle su zo daidai ba. Alamar ta zauna ita ce ka ji muryarka ta yi kauri a cikin kai idan ka yi magana.

Yanzu ga bes, inda aka fi yaudarar mai saye. A shago, cikin daƙiƙa talatin, hedifon mai dukan ƙirji shi ke burgewa, masu ƙerawa kuma sun san haka. Kunnen ɗan Adam na jin daga Hz 20 zuwa kusan 20,000. Fashewar bom da rugugin mota suna ƙasa da Hz 200. Abin da ke sa a gane taku, da sauya harsashi, da buɗe ƙofa, da jan jiki a ciyawa, yawancinsa yana sama, daga wajen Hz 1,000 zuwa 5,000. A halittar kunne, sauti mai kauri idan ya yi ƙarfi yana danne na samansa, fiye da yadda siriri ke danne mai kauri. Saboda haka hedifon da aka cusa wa bes tsakanin Hz 100 da 250 zai binne maka taku a duk lokacin da gurneti ya tashi ko mota ta wuce, wato daidai lokacin da ake lallaɓo ka.

Wannan cushewar ita ce kuma ke ɓata kiɗa, shi ya sa na ce abu ɗaya zai yi aikin biyu. Ka gwada da kalangu. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata, muryar gangar tana hawa tana sauka kamar magana. A hedifon mai kyau za ka bi kowace hawa da sauka, ka kuma ji saukar makaɗi a kan fata daban da amon da ke biyo baya. A mai cushewar bes duk sai su zama dum-dum iri ɗaya. Sannan ka gwada da goge ko kukuma, ko algaita: idan kaifinsu yana soke maka kunne har kana son rage murya, siririn sautin hedifon ɗin ya yi yawa, kuma bayan awa biyu zai gajiyar da kai. DT 990 Pro, duk da kyansa a gem, an san shi da wannan kaifi wajen Hz 8,000 zuwa 10,000, ba kowane kunne ke jure shi ba. Na uku muryar mutum: karatu ko waƙar da ka haddace muryar mai ita. Idan ta yi kamar daga cikin randa take fitowa, tsakiyar sautin ya lotsa. Binciken da Sean Olive da abokan aikinsa suka yi a kamfanin Harman ya nuna cewa yawancin masu saurare sun fi son sauti mai kama da na lasifika masu kyau a ɗaki mai kyau, da ɗan ƙarin bes na can ƙasa. AKG K371 a kan wannan ma'auni aka gina shi. Bes na can ƙasa, wanda bai kai Hz 100 ba, bai cika ɓata murya ba. Na samansa ne mai laifi.

Wanda ya riga ya sayi mai bes da yawa, kada ya jefar. A kwamfuta akwai manhajar daidaita sauti mai suna Equalizer APO, kyauta ce. A rage desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 3 zuwa 4 tsakanin Hz 100 da 250, a ƙara kamar 2 tsakanin 2,000 da 4,000, sannan a sauke ƙarfin gaba ɗaya da gwargwadon abin da aka ƙara, in ba haka ba sauti zai riƙa tsagewa idan an yi harbi. Ragewa ta fi ƙarawa aminci. Mai shiga gasa ta hukuma ya karanta dokokinta tukuna, domin ba kowace ke yarda da manhajar waje ba.

Lambobin kwali kuwa, biyu ne masu amfani. Faɗin lasifika, milimita 40 ko 50 ko 53, ba ya nuna kyan sauti. Rubutun Hz 20 zuwa 20,000 ma kowa na yin sa. Abin dubawa shi ne om, wato yadda hedifon ke tirje wa lantarki, da kuma yawan desibel da yake bayarwa a kan miliwat ɗaya. Lissafin ba wuya: ka ninka bolt da kansa, ka raba da om, amsar wat ce, shi kuwa miliwat kashi ɗaya ne cikin dubu na wat. Na'urar da ke fitar da bolt 1 za ta ba hedifon mai om 32 kusan miliwat 31, amma mai om 250 miliwat 4 kawai zai samu. Duk ninkin ƙarfi desibel 3 yake ƙarawa. DT 990 Pro mai om 250 yana ba da desibel 96 a miliwat ɗaya, don haka a bolt 1 ƙololuwarsa 102. Idan na'urar rabin bolt take fitarwa, kamar wayoyi da yawa da fad ɗin gem, miliwat ɗaya zai samu, ƙololuwa 96, kuma matsakaicin sautin gem yana can ƙasa da ƙololuwa da desibel 10 zuwa 20. Shi ya sa mutum kan sayi mai tsada, ya jona a waya, ya ji shi sanyi-sanyi. Ga waya da fad, a tsaya a om 16 zuwa 60 ko kusa da haka. DT 770 Pro yana zuwa iri uku, om 32 da 80 da 250, a karanta jikinsa kafin a biya. Sennheiser HD 600, wanda ke kasuwa tun 1997, om 300 ne, yana son amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi.

Amfilifayar ba sai mai tsada ba. Ɗan dongul na USB-C mai ramin iyafis ya isa yawancin hedifon. Na Apple da ake sayarwa a Amurka yana fitar da bolt 1, wanda aka yi wa kasuwar Turai kuwa rabin haka, ga shi kamarsu ɗaya a ido. A lura kuma, akwai dongul mai na'urar juya sauti a cikinsa, akwai wanda igiya ce zalla. Na biyun ba ya aiki a wayoyi da yawa, shi ne ake jonawa a ji shiru, ko waya ta ce ba ta san shi ba.

Bakin filogi ma yana da nasa rikici. Mai zobe biyu sauti ne kawai, mai zobe uku yana da makirufo. Masu zobe ukun iri biyu ne: CTIA, wanda kusan duk wayoyin yanzu ke bi, da OMTP na tsofaffin wayoyi, inda aka musanya gurbin makirufo da na waya mai komawa. Idan aka haɗa su a saɓe, kiɗa zai fito amma muryar mawaƙi ta yi nisa kamar daga rijiya, sai ka danne maɓallin amsa kira ta dawo. Ba lalacewa ba ce, ɗan adafta ke gyara ta. Kwamfutar tebur kuma ramuka biyu gare ta, kore na sauti, ruwan hoda na makirufo, sai an sa igiya mai raba ɗaya zuwa biyu. Idan kana jin zuuu ko tsit-tsit a laftof, zare caja ka saurara. In ya ɗauke, daga wuta ne, abin da ya zama ruwan dare a kan janareto da inbata da soket marar waya ta ƙasa. Katin sauti na USB yakan rage shi, caja mai kyau ma haka.

Makirufo ba ya buƙatar dogon bayani. Wanda ke kan sanda, yatsa biyu daga gefen baki, ya fi wanda ke rataye a igiya, domin kusancinsa ke sa muryarka ta rinjayi fanka. A gefen baki, ba gaban hanci ba, saboda numfashi. Abu ɗaya da ya kamata a sani: da zarar ka buɗe makirufon hedifon na Bluetooth, yakan sauka zuwa tsarin kiran waya, sautin ya haɗe wuri ɗaya, ingancinsa ya faɗi. Hagu da dama sun tafi ke nan a tsakiyar wasa. Hedifon na kiɗa marar makirufo ana iya sa masa na maƙalawa, ko igiya mai makirufo idan tasa tana cirewa.

Zaman hedifon a kai ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai yi awa uku. HD 560S giram 240 ne, DT 770 Pro 270, ATH-M50x 285. Abin da ya haura 350 wuyanka zai faɗa maka. Kushin ya kewaye kunne gaba ɗaya, kada ya hau kansa. Na fatar roba yana toshewa da kyau amma yana tara zufa, kuma zufa da zafi ke sa shi ɓarewa cikin shekara ɗaya ko biyu, ya riƙa barin baƙin ɓawo a wuya. Na karammiski ya fi sanyi, sai dai yana shan ƙurar hunturu, yana kuma sakin bes kaɗan. Mai tabarau ya gwada da tabaransa a fuska, domin ƙafar tabarau mai kauri tana ɗaga kushin, bes ya zube a rufaffe. Mai hula ya gwada yadda zai riƙa sawa. 'Yan'uwa mata masu ɗorawa a kan hijabi su sani yadi yana cinye siririn sauti, iyafis a ƙarƙashin hijabin ya fi. A tambaya ko kushin da igiya suna cirewa, domin su ne ke fara mutuwa. Igiya kusan kullum a gindin filogi take karyewa, saboda naɗe ta a jikin waya da fizge ta daga tsakiya.

A wajen saye, musamman na hannu, ka je da wayarka da abin da za ka gwada. Ka sa murya guda, kamar karatun labarai, ka rufe ido: ta tsaya a tsakiyar goshi. In ta karkata, ka juya hedifon ɗin, na hagu a dama. In karkatar ta bi shi, laifinsa ne ko na wayarka, in ta tsaya inda take, kunnenka ne. Ka sa sautin gwaji mai hawa daga Hz 20 zuwa 200 a matsakaiciyar murya, ka saurari karkarwa. Wani lokaci gashi ɗaya ne ya kwanta a kan tantanin lasifika, a cire kushin a ɗauke shi a hankali. Wani lokaci tantanin ne ya lotsa, wannan a bar shi. Ka murza igiya a gindin filogi da inda ta shiga kofin kunne, kiɗa na tafiya. Ka duba maƙalan da ke naɗewa ko akwai tsaga. Samfuran da suka yi suna, irin ATH-M50x da Cloud II da AirPods, ana yin jabunsu da yawa, har kwalin ba ya bambanta. Farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na sauran shaguna alama ce, rashin nauyi a hannu ma alama ce. Ka nemi sharaɗin dawowa ko na kwana biyu ne, a rubuta a rasit. Wanda kuma gem ɗinsa ƙwallo ce, eFootball ko EA Sports FC, ba ya buƙatar duk wannan bin diddigin taku, ya zaɓi wanda ya yi masa daɗin kiɗa kawai.

Hedifon mai kyau ba ya gyara waƙar da aka riga aka lalata. Fayil ɗin da aka matse zuwa kilobit 64 ko 96, ko aka ciro daga bidiyo aka yi ta turawa, ya rasa siraran sautukansa, kuma mai kyau tona wannan zai yi: kuge da tafi su riƙa shuu kamar ana zuba ruwa. A nemi MP3 mai kilobit 256 ko 320, ko a ɗaga inganci a saitin manhajar saurare lokacin da ake kan Wi-Fi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, Malam Edita, shi ne kunnuwan yaran nan. Taku a gem sauti ne marar ƙarfi, harbi kuwa mai ƙarfi, sai yaro ya ƙure murya don ya ji takun, kowane harsashi kuma ya sauka a kunnensa da cikakken ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke saurare. Ma'aunin da ta fitar tare da hukumar sadarwa ta duniya a 2019 shi ne desibel 80 na awa 40 a mako ga babba, 75 ga yara. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 83 awa 20, 86 awa 10, 89 awa 5. A desibel 100 kuwa, wanda iyafis da yawa ke kaiwa idan an ƙure, abin bai kai rabin awa a mako ba. Ƙwayoyin gashin da ke can cikin kunne, masu juya sauti zuwa saƙon jijiya, ba sa sake tsirowa idan sun mutu, kuma waɗanda ke fara mutuwa su ne na wajen Hz 4,000, yankin da ake jin taku da shi, da baƙaƙen magana irin su "s" da "sh" da "ts".

Gyaran yana cikin saiti. A kashe kiɗan cikin gem, a rage muryar abokan wasa zuwa yadda za a fahimce su kawai. Idan gem ɗin yana da yanayin dare, ko wani saiti mai rage tazara tsakanin ƙaramin sauti da babba, a kunna shi: yana ɗaga taku, ya sauke harbi. A saita murya a wuri mai shiru kafin a fara, kada ta wuce kashi 60 cikin ɗari, kuma kada a taɓa ta idan wasa ya yi zafi. A cire hedifon minti biyar zuwa goma bayan kowace awa. Iyaye da masu gidajen gem su lura: idan kana tsaye kamu ɗaya daga yaro mai rufaffen hedifon kana jin harbinsa, ya yi yawa. Wanda ya tashi daga wasa ya ji kunnensa na ƙugi, ko maganar mutane ta dushe masa kamar an toshe da auduga, ya huta wa kunnen kwana ɗaya cur, ya kuma rage murya daga ranar. Idan ƙugin ya wuce kwana biyu, ya je asibiti ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro a auna jinsa. Idan kuwa kunne ɗaya ne ya ɗauke farat ɗaya, kada a jira, a je a ranar.

Iyafis ɗin da gefe ɗaya ya yi ƙasa kuma, kafin a ƙara murya a duba ragar bakinsa, yawanci dattin kunne ne ya toshe ta. A cire robar a wanke da ruwan sabulu, a bar ta ta bushe sarai, a juya bakin iyafis ɗin ƙasa a goge ragar da busasshen buroshin haƙori mai laushi. Kada a sa allura ko tsinke, suna huda ragar su tura dattin ciki.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai gyaran kayan sauti, Kano